Tukunyar da ba a girki da ita: yumɓu a hannun Aborijinawan Ostireliya

Shekara da shekaru, magana ɗaya ake koya wa yara a makarantun Ostireliya game da ginin tukwane: wai 'yan asalin ƙasar, Aborijinawa, ba su san shi ba sai da Turawan Ingila suka sauka a 1788. A watan Afrilun 2024 wannan magana ta tsage. Masu tonon kayan tarihi, ƙarƙashin jagorancin Sean Ulm na Jami'ar James Cook da Ian McNiven na Jami'ar Monash, tare da mutanen Dingaal da Ngurrumungu masu ƙasar, suka ba da sanarwar sun tono tsingaro 82 a tsibirin Jiigurru, wanda Turawa ke kira Lizard Island, daura da gaɓar arewacin jihar Queensland. A cikin wani tsohon jujin ɓawon kifin teku mai zurfin fiye da mita 2 aka same su. Shekarunsu tsakanin 2,000 ne da 3,000, kuma binciken yashin da ke cikinsu ya nuna a nan yankin aka gina su, ba fatake ne suka kawo ba.

An yi murna sosai, kuma da dalili. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna kafa hujja da cewa mutanen da ba su noma irin nasu, ba su gina gari, ba su gina tukunya, ba za a ce sun mallaki ƙasa ba. A kan irin wannan tunani aka ƙwace nahiya sukutum, kuma sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta yi watsi da shi. To amma gaskiya ɗaya ce. Tsingaron Jiigurru bai haɗa jini da tukwanen da Aborijinawa ke ginawa yau a tsakiyar hamada ba. Tsakaninsu akwai tafiyar dubban kilomita da giɓin shekara kusan 2,000. Wanda duk yake so ya ce ginin tukwanen yau gadon wancan ne, son zuciya ya ja shi. Kuma a ganina masu ginin ba su ma bukatar wannan hujja, domin abin da ya sa aikinsu ya zama nasu yana wani wuri dabam.

A fara da dalilin da ya sa yawancinsu ba su gina tukunya ba. Mutum mai bin ruwa da farauta da 'ya'yan itace daga kaka zuwa kaka, tukunya kaya ce gare shi, mai nauyi, mai saurin fashewa. Suna da akushin itace da suke sassaƙawa, da ɓawon bishiya, da manyan kwanson teku da ake ɗora su kan wuta, da kwandunan saƙa. Sanin halin yumɓu a wuta kuwa suna da shi: a kwarin kogin Murray, inda dutse ke wuya, sukan dunƙula yumɓu su gasa, su jera a ramin gashi don ya riƙe zafi. Mutanen gaɓar arewa kuma sun ga tukwane da idonsu a hannun masuntan Makassar na Indunusiya, waɗanda suka riƙa zuwa kamun wata dabbar teku har zuwa 1907. Sun gani, ba su ɗauka ba. Bukata ce babu.

Inda yumɓu yake da daraja shi ne jikin mutum da wurin ibada. Farar ƙasa, jar ƙasa, rawaya: da su ake shafe jiki ranar kaciya da rawa da jana'iza, da su ake zane a kogo da kan ɓawon bishiya. A yankin kogunan Murray da Darling, mace mai takaba takan ɗora farar ƙasa a kanta, shafi bisa shafi, har ta zama hula mai nauyi, in kwanakin makoki suka cika a cire a ajiye kan kabari. Wato kafin Bature ya zo da tanderu, yumɓu ya riga ya zama abin da ake ɗaukar ma'ana da shi, mai dokoki kan wa zai taɓa, yaushe, don me.

Ginin tukwane na zamani ya shigo ne ta ƙofar gwamnati da mishan, kuma a nan akwai sunan da mutanen Suleja suka sani. Michael Cardew, Baturen da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ya bar Najeriya a 1965. Shekara uku bayan nan, a 1968, sai ga shi a birnin Darwin da ke arewacin Ostireliya, ya yi wata shida yana taimaka wa tsohon abokin aikinsa Ivan McMeekin kafa wurin koyarwa a Bagot, unguwar da aka keɓe wa Aborijinawa. Tsarin iri ɗaya ne da na Abuja: a nemo yumɓun yankin a gwada, a koya wa samari juya faifai, a gina tanderu mai zafin gaske, a fitar da kofuna da kwanuka da butocin shayi masu ƙyalli da za a sayar. Manufar gwamnatin lokacin a fili take, ta sama wa mutane sana'a irin ta Turawa don su narke cikin Turawa.

Wanda ya fi fice cikin ɗaliban Bagot shi ne Eddie Puruntatameri, mutumin tsibiran Tiwi. A 1972 shi da John Bosco Tipiloura suka buɗe maginar Tiwi a Nguiu, tsibirin Bathurst, daga baya ya koma tsibirin Melville ya kafa wata. A jihar Queensland ma an buɗe irinta a Cherbourg, mai suna Barambah, da kuma Yarrabah. Kayan tebur suka fi yi, kuma an yaba da ingancinsu. Sai dai kofin shayin da aka gina da hannu a tsibiri, aka ɗora a jirgi, ba zai taɓa yin gasa da na masana'anta a farashi ba. Barambah ta rufe a shekarun 1980. Maginar Tiwi ta rayu, amma a hankali ta karkata ga sassaƙa siffofin kakanni da dabbobi da yumɓu, ana ƙawata su da irin zanen da Tiwi ke yi a jiki da kan ginshiƙan kabari.

Abin da ya sami randar Ladi Kwali yana taimakawa a gane wannan juyi. Randar Gwari ta asali tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, shi ya sa take sanyaya shi. Da aka gina ta da yumɓu mai tauri, aka shafa mata ƙyalli, aka gasa a tanderun Cardew, sai ta yi nauyi, ta daina zufa, ta tashi daga aikin ruwa ta koma abin kallo a ɗakunan baje koli. A Ostireliya ma can aka dosa, da bambanci guda: su ba su da randar da za su yi asara. Tukunya ta zo musu babu wani aikin gado a kanta, saboda haka suka ba ta aikin da suka ga dama.

Wadda ta fara fahimtar haka sosai mace ce, Thanakupi, wadda aka fi sani da Thancoupie ko Gloria Fletcher. An haife ta a 1937 a Napranum kusa da Weipa, a yammacin zirin Cape York. A 1971 ta shiga kwalejin koyon sana'a ta gabashin Sidni. Ta sha ba da labarin cewa a garinsu maza ne ke adana yumɓu don bukukuwan al'ada, kowane launi da ma'anarsa, yara ba su isa su taɓa ba. Saboda haka sa hannunta a yumɓu ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinta. Abin da ta fito da shi daga baya shi ne tukunya mulmulalliya kamar ƙwallo, mai kauri, mai kaushin jiki, da ƙaramin baki a sama. Tun yumɓun yana ɗanye take yanka masa layuka masu zurfi, ta cusa baƙin launi a ciki: kada, jiminar Ostireliya, kifi, babba-da-jaka, kowanne jikinsa na shiga na ɗan'uwansa har su zagaye tukunyar. Ba ta da gaba, ba ta da baya. Dole mai kallo ya zagaya ta, ko ya juya ta a hannu, kafin ya kai ƙarshen labarin, kuma labaran na mutanenta ne, Thaynakwith, na yadda kakanni suka bi ƙasa suka bar koguna da tuddai.

A tuna da abin da ke faruwa a ƙasar tata a lokacin. Jar ƙasar Weipa na cikin manyan ma'adanan da ake fitar da alminiyum daga cikinsu a duniya. A 1957 gwamnatin Queensland ta ba kamfanin haƙa makeken fili, a 1963 kuma 'yan sanda suka kwashe mutanen Mapoon da ke maƙwabtaka, aka cinna wa gidajensu wuta. Ana kankare ƙasar ana lodawa a jirage, ita kuma tana rubuta sunayen wuraren a jikin yumɓu. Ta kuma haɗa ƙamus na harshensu, wanda masu jinsa suka kusa ƙarewa. Babban aikinta na ƙarshe, Eran, ƙatuwar ƙwallo da ke bakin ƙofar gidan adana zane-zane na ƙasa a Kanbera tun 2010, da alminiyum aka zuba shi. Ta rasu a 2011.

A tsakiyar ƙasar labarin ya bi wata hanya. Ntaria, wadda mishan na Jamusawa mabiya Luther suka kafa a 1877 suka sa mata Hermannsburg, tana da nisan kilomita kamar 130 yamma da Alice Springs. Garin Albert Namatjira ne, mai zanen tuddai da fentin ruwa, wanda ya yi suna a duk ƙasar a shekarun 1940 da 1950, kuma masu sharhi da yawa suka raina shi da cewa kwaikwayon Bature kawai yake. A 1990, bisa roƙon wani dattijo limamin coci, Nahasson Ungwanaka, aka kawo malama Naomi Sharp ta koyar da ginin tukwane. Mata ne suka riƙe abin, kuma har yau ƙungiyarsu tana nan.

Tukunyar Ntaria ba a ɓace ta. Da jan yumɓu ake gina ta, ba faifai: a murza yumɓu ya yi tsawo, a naɗa zagaye bisa zagaye, a shafe da yatsa, a goge har ta yi sumul da tumbi. A jikinta a zana ƙasar kamar yadda Namatjira ya zana ta, tuddai shuɗi-shuɗi, farin itace, busasshen kogin Finke, sai dai a nan zanen ya zagayo ya haɗe da kansa. Sannan murfi. A kan murfin ne ake ɗora ɗan mutum-mutumin abin da ake magana a kai: aku mai ruwan hoda, ƙadangare, jaki, raƙumi, mawaƙan coci, makiyayi kan doki. Wani tsuntsun ƙafarsa ta ɗan karkace, idonsa ya fi kansa girma, kana gani sai ka yi murmushi. Masu ginin ba su ɓoye raha, kuma ina ganin wannan na cikin abin da ya sa wasu manyan masu sharhi suka jima ba su ɗauke su da muhimmanci ba, suna musu kallon masu kayan tsaraba.

A 2015 babban gidan zane-zane na jihar Victoria a Melbon ya ba su aikin tukwane kan tarihin 'yan wasan Aborijinawa a ƙwallon Ostireliya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai. A cikinsu akwai ta Rona Rubuntja. A kan murfin, Nicky Winmar ne tsaye, ya ɗaga rigarsa yana nuna fatar cikinsa da yatsa. Abin ya faru ne a Afrilun 1993, bayan 'yan kallo sun wuni suna zaginsa saboda launin fatarsa. Duk ɗan Ostireliya ya san hoton. Ganinsa a kan murfin tukunya, daga hannun matar da ke zaune a ƙauyen hamada, ya nuna iyakar abin da wannan sana'a ke iya ɗauka: labarin kakanni, waƙar coci, wasan ranar Asabar da zafin wariya, duka a kan jan yumɓu ɗaya.

Can kudu, a Pukatja cikin ƙasar Pitjantjatjara, akwai cibiyar Ernabella da aka kafa a 1948, wadda ta fi kowace cibiyar fasahar Aborijinawa daɗewa tana aiki ba yankewa. Da saƙar ulu suka fara. A shekarun 1970 suka koyi zanen kaki a yadi kafin rini, irin na Indunusiya. Ɗakin ginin tukwane kuma a 2003 aka buɗe shi, bayan wasu shekaru ana gwaji tare da wata cibiyar sana'o'in hannu a Adelaide. Wannan jerin kaɗai ya isa amsa ga mai tambayar ko yumɓu al'adarsu ce. Ulu ba nasu ba ne, kaki ba nasu ba ne, fentin roba da mutanen Papunya, wani ƙauyen hamada, suka fara ɗiga wa allo a 1971 har duniya ta san su da shi ma ba nasu ba ne. Kayan aiki suna zuwa suna wucewa, zanen da labarin da ke bayansa suna nan.

Dabarar da Ernabella ta fi shahara da ita ta karce ce. A shafe doguwar tukunya da ruwan yumɓu mai wani launi, a bari ya sha iska, sannan a ɗauki tsinke ko ɗan ƙarfe a riƙa karcewa har launin ƙasa ya bayyana. Layi bayan layi, ɗaruruwa, babu gogewa in hannu ya goce. Matan yankin sun saba da ba yara labari suna zane a yashi da yatsa ko kara, suna sharewa suna sake wani, saboda haka motsin hannun ba baƙo ba ne. Abin da ya sauya shi ne wuta: zanen yashi iska ke tafiya da shi, wannan kuwa da an gasa ya zauna. Pepai Jangala Carroll, wanda sai da ya manyanta ya fara, ya yi ta zana ƙasar mahaifinsa da ke can arewa wajen Kintore, wadda ya baro tun yana yaro, kuma a 2017 ya koma ya gan ta. Da ya rasu a 2021 aka riƙa kiransa Kunmanara Carroll, domin a al'adarsu ana jingine sunan mamaci na wani lokaci, gidajen baje koli ma suna bin wannan.

Ernabella ce kuma ta fito da wata tambaya mai wuya. A 2013 Derek Thompson da Tjimpuna Williams suka je Jingdezhen, birnin tangaran na ƙasar Sin, inda magina 'yan Sin ke gina tuluna masu kai tsayin mutum, su kuma suka yi musu zane. To aikin na wa ne? A kasuwar zane ta Turawa, inda ake son suna ɗaya da hannu ɗaya, wannan abin tuhuma ne. A wurin masu abin kuwa tambayar farko ita ce wa ke da izinin wannan labari. Kowane labari yana da masu shi, ta wajen uba ko uwa ko wurin haihuwa. Akwai na maza, akwai na mata, akwai sashen da ba a nuna wa bare ko kaɗan. Mutum zai iya gina tukunya da hannunsa tun daga tushe, amma in ya ɗora mata labarin da ba nasa ba, ya yi laifi babba. Na fi gamsuwa da wannan ma'auni, ko da yake yana da rauninsa: mai saye a Sidni ko Landan ba shi da hanyar tantancewa, sai dai ya dogara da takardar cibiyar, kuma duk inda aka ce sai an dogara da takarda, masu cuta sun sami ƙofa.

Ba kowa ne ke gina tukunya ba ma. A garin Cardwell na jihar Queensland, masu fasahar cibiyar Girringun suna gina bagu, allon kunna wuta mai siffar mutum da idanu, wanda a da da itace mai laushi ake sassaƙa shi. A kudu maso gabas, inda mulkin mallaka ya fi yin ɓarna ga harshe da al'ada, Penny Evans 'yar ƙabilar Gamilaraay tana ɗauko layukan da kakanninta ke sassaƙawa a jikin bishiyoyi tana yanka su a yumɓu, Maree Clarke kuma ta farfaɗo da hular takaba. Tun 2007 gidan zane na garin Shepparton ke ba da kyauta ta musamman ga maginan yumɓu 'yan asalin ƙasa.

Sai wahalar sana'ar, wadda ba a cika faɗa ba. Zane a kan yadi naɗe shi ake yi a tura ta gidan waya. Tukunya kuwa sai an kawo yumɓu a mota, domin cibiyoyin hamada da yawa sayensa suke yi a buhu daga birane, sai tanderu mai cin lantarki a garin da ke dogara da janareta, sai wuta ta wuce digiri 1,000, sai kuma ta tsira daga ɗaruruwan kilomita na hanyar burji. Aikin mako uku yana iya tsagewa a dare ɗaya. Duk da haka kuɗin tukunya bai cika kamo na zanen da mutum ɗaya ya yi ba, saboda kasuwa har yanzu tana ɗaukar yumɓu a matsayin ƙanen fenti. Cibiyoyin mallakar al'umma ne, mai aiki ya karɓi kasonsa, saura ya tafi ga kayan aiki da albashi, kuma a garuruwa da yawa babu wata hanyar samun kuɗi ta kai da ta wuce wannan.

Jabu shi ne babban ciwon. A shekarun 1950 masana'antun Turawa sun riƙa buga fuskokin Aborijinawa a faranti da kaskon tokar sigari, mutane suna murƙushe guntun taba a kan fuskar tsoho ko yarinya. Tony Albert, wani mai fasaha ɗan asalin ƙasar, ya tara irin waɗannan kasake, ya jera su a bango a wani aiki na 2008 don a ga abin da aka mai da su. Yau kuma daga ƙasashen waje ake shigo da kofuna masu ɗige-ɗige. Wata hukumar binciken tattalin arziki ta gwamnatin tarayya ta ƙiyasta a 2022 cewa cinikin wannan fanni ya kai dalar Ostireliya miliyan 250 a shekarar 2019 zuwa 2020, kuma fiye da rabin kayan tsarabar da ake sayarwa da sunan Aborijinawa babu hannun ɗan asalin ƙasa a ciki. A 2019 kotun tarayya ta ci kamfanin Birubi tarar dala miliyan 2.3 kan kayan da aka yi a Indunusiya. Sai dai laifin da aka kama shi da shi ƙarya ce ga mai saye, ba satar zane ba. Dokar haƙƙin mallaka tana kare aikin mutum ɗaya har shekara 70 bayan mutuwarsa, ba ta san labarin dangi da aka gada tun kaka da kakanni ba, ba ta kuma hana kowa kwaikwayon salo. A Janairun 2023 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kawo doka ta musamman da za ta toshe wannan giɓi.